Babi na Huɗu: Wa Ya Tsaya Masa?

Hanyar Jibiya ta Ƙofar Guga take fita daga tsohon birnin Katsina, shi ya sa bakin ƙofar ba ya rabuwa da jama'a. Masu shayi, masu cajin waya, kanikawa, 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep, kowa da inda ya kafa. Da an idar da sallar isha'i sai tafiyar mutane ta canza. Mai waya ya tura ta can cikin aljihun wando, ɗalibar da ta taso daga Islamiyyar dare ta rage hira ta ɗaga ƙafa, ɗan kabu-kabu ya ƙare wa fasinja kallo kafin ya yarda ya shiga lungu da shi. Haka abin yake a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri. Guga ba ta fi su laifi ba, ba ta kuma fi su tsira ba.

Jihar Katsina ta yi suna a jaridu da 'yan bindigar daji, waɗanda suka addabi Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari. Wannan masifa ta isa ta danne kowace magana. Amma mutumin cikin birni yana da tasa fargabar ta yau da gobe, wadda ba ta zuwa da babura ɗari, ba ta kuma neman kuɗin fansa. Samari ne uku ko biyar, wani gemu bai fito masa ba, da adda ko gariyo a ƙarƙashin riga, da ƙwaya a kai. Katsinawa na kiransu ƙauraye.

Kusan kowane babban gari a Arewa yana da irinsu. Kano 'yan daba, Gombe 'yan kalare, Bauchi da Jos sara-suka, Kaduna 'yan shara. A Damagaram ma akwai su, su ne Aïcha Macky ta shiga cikinsu a unguwar Kara-Kara ta yi fim ɗinta na 2021. Tarihinsu kusan ɗaya ne. Rukunin samarin unguwa ne da ke haɗuwa wajen farauta da hawan Sallah da kilisa, ana gwada ƙarfi da tauri, ana riƙon gabar da wani lokaci ba wanda ya tuna mafarinta. Siyasa ta dawo a 1999 ta sama musu aiki: rakiyar ɗan takara, tarwatsa taron abokin hamayya, tsare akwati ko sace shi. Zaɓe na wucewa sai aikin ya tsaya, makamin kuwa yana hannu, shaye-shayen da aka saba musu da shi yana neman kuɗi kullum. Binciken ƙasa kan shan miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke sha a Najeriya, kimanin miliyan uku daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, sai kasuwa ta karkata ga tiramol da sauran ƙwayoyi, wiwi da sholisho kuwa dama suna nan. Waya ita ce kuɗi mafi kusa: tana hannun kowa, ba ta da nauyi, kuma mai saye ba ya wuyar samu.

Duk majalisar da aka tayar da zancen, a ƙofar gida ko a teburin mai shayi, kan kalma ɗaya ake ƙarewa: beli. "Mu kama da hannunmu, mu kai caji ofis, kafin mu iso gida ya riga mu dawowa." Wannan ƙorafi ba ƙage ba ne. Ɗan sintirin da ya kwana yana zagaye da tocila da gora, ya kama yaro da wuƙa, washegari ya gan shi a bakin layi yana nuna shi da yatsa, ba wanda zai gamsar da shi da karatun doka. Sai dai in an bi zaren a hankali za a ga cewa abin da unguwa ke kira beli abubuwa ne daban-daban da aka cusa a buhu ɗaya, kuma mafi yawansu ba su ne belin da doka ta tsara ba.

Abin da doka ta ce a fili yake. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. A birnin Katsina ba wanda zai ce kotu ta yi masa nisa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Katsina ta yi tata a 2021, ta ɗora a kai: ƙaramin laifi beli haƙƙi ne, babban laifi alƙali zai duba ko mutumin zai gudu, ko zai tsorata shaidu, ko zai sake aikatawa. Laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa sai alƙalin babbar kotu, shi ma sai da dalili na musamman. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta kuma wajabta wa babban majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tun dokar fashi da makami ta 1984, wanda ya ƙwace kayan wani yana ɗauke da makami, bindiga ce ko wuƙa ko adda, hukuncinsa kisa ne. Wato yaron da ya ɗora wa mace wuƙa ya karɓe wayarta, a kan takarda, yana cikin rukunin da majistare ba shi da ikon ba shi beli. Dokar ba ta yi laushi ba. To ta wace ƙofa yake fita?

Ta kantar caji ofis yake fita. Da sassafe wurin ya cika. Uwa na zaune a benci da kular abinci a cinya, ta rufe rabin fuska da mayafi saboda kunyar a gan ta a nan. Ƙanen uba na tsaye da hotuna biyu na fasfo da katin ɗan ƙasa a leda. A bango an manna takarda cewa beli kyauta ne, kowa ya karanta, ba wanda ya zo hannu rabbana. Can sai mota mai baƙin gilashi ta tsaya, wani ya fito da waya a kunne, ya wuce kowa ya shige ciki. "Yallaɓai, yaron Honorabul ne, ga shi a layi." Abin da aka rubuta fashi da daddare sai ya wayi gari ya zama faɗa, ko tayar da hankali, ko a ce an sasanta. Wuƙar da 'yan sintiri suka miƙa ba a sake jin labarinta. Ba kowane ofis ba ne haka, ba kuma kowane jami'i ba; akwai 'yan sandan da suka ƙi karɓar irin wannan waya, kuma ba su ji daɗin abin da ya biyo baya ba. Amma hanyar sananniya ce, har yaran ma sun san wanda za a kira.

Wanda aka kamo tare da shi, wanda wataƙila zama kawai ya yi a inda aka kai samame, shi ba a yi waya dominsa ba. Shi ake kaiwa gaban majistare da takardar ƙorafin 'yan sanda mai ɗauke da haɗa baki da fashi da makami. Magatakarda ya karanta, alƙali ya ce kotunsa ba ta da hurumi, a ajiye shi a gidan gyaran hali sai Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara. Dokar 2015 ta yi wa irin wannan ajiya iyaka, kwana 14 a karon farko, sai an dawo an kawo dalili kafin a ƙara. A aikace fayil na iya kwanciya tsakanin ofishin ɗan sanda mai bincike da teburin lauyan gwamnati, a yi wa mai binciken canjin wurin aiki, a manta da yaro. Kotun ECOWAS ta taɓa yanke hukunci a 2012 kan Sikiru Alade, wanda ya shafe shekara tara a tsare a Legas a kan irin wannan takarda ba a fara shari'arsa ba. A yau kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran halin Najeriya jiran shari'a suke yi.

Ko an ba da belin ma, sharuɗɗan kan zama wata katanga. A kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza, a kawo mai takardar fili a cikin gari, a kawo shaidar biyan haraji. Ɗan mai gyaran takalmi a unguwar Sulluɓawa ina zai samo darakta? Saboda haka ne wasu suka mayar da tsayawa sana'a, suna rakuɓe a harabar kotu da takardunsu, a biya su su sa hannu wa yaron da ba su taɓa gani ba.

Duk ƙasar ta ga wannan da idonta ranar 1 ga Nuwamban 2024. An gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu yara ne daga Arewa, bayan kusan wata uku a tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. An ba da belin kowanne a kan naira miliyan 10 da masu tsayawa biyu, ɗaya sai ya kasance babban ma'aikacin gwamnati. Yaran da ƙasusuwan haƙarƙarinsu ke ƙirguwa ta cikin riga aka ce su kawo wannan. Sai da hotunan suka karaɗe duniya Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka janye tuhumar cikin 'yan kwanaki. Waɗannan kyamara ta gan su. Ɗan lungun da aka ajiye kan zargin waya guda ba mai ɗaukar hotonsa.

Ba Najeriya kaɗai ba ce. A birnin New York an kama Kalief Browder a 2010 yana da shekara 16 kan zargin satar jakar goyo. Iyalinsa suka kasa biyan dala 3,000, ya yi shekara uku a kurkukun Rikers, mafi yawa a ɗakin kaɗaici, aka sake shi ba tare da an yi shari'ar ba. A 2015 ya kashe kansa.

Idan jini ya zuba a unguwa, abin da ake fara nema shi ne a tsaurara. A Kano, a watan Mayun 2023, majalisar tsaron jiha ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, abin da doka ta riga ta faɗa tun shekara kusan arba'in. A jihar Queensland ta Ostareliya an mayar da saɓa sharaɗin beli laifi a kan yara a 2023, har aka jingine dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta jihar don a yi hakan, a ƙarshen 2024 kuma aka yarda a yanke wa yaro hukuncin manya a manyan laifuka. Masu wannan kira ba mugaye ba ne. Wanda aka sara wa ɗa a kan wayar dubu arba'in yana da haƙƙin ya yi fushi, kuma akwai samarin da zamansu a waje kafin shari'a haɗari ne ga kowa; doka ta ba alƙali ikon ya hana irinsu beli, ya kamata kuma ya hana. Amma a Katsina, in aka ƙara wa dokar tsanani aka bar kantar yadda take, nauyin zai sauka ne a kan wanda dama ba shi da kowa. Mai uban gida ba ya isa gaban alƙali balle sabuwar doka ta same shi.

Sannan ina ake kai wanda aka hana belin? Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta ce a raba yara da manya. Gidajen horon matasa na tarayya da aka daɗe da sani uku ne, a Kaduna da Ilori da Abekuta, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Katsina na da gidan tarbiyya na Babbar Ruga a hanyar Batsari, kuma a ƙarshen 2020 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar kare yara ta jiha. To amma yaron da ba shi da takardar haihuwa, shekarunsa na hannun mai rubuta takarda. In an rubuta 19, ya zama babba. Ya shiga ɗaki ɗaya da 'yan fashin gaske da dillalan ƙwaya, ya yi wata takwas ko shekara biyu, ya fito da lambobin waya da sanin hanya da taurin zuciyar da bai shiga da su ba. Unguwar da ta yi murnar tafiyarsa ita za ta karɓe shi.

Iyaye sun san wannan, shi ya sa da yawa suka nemi wata mafita da kansu. Ɗa ya gagara, sai a kai shi gidan mari a biya kuɗin wata. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sasari a ƙafa da tabon bulala a baya. A Oktoba aka yi irin wannan a Daura da cikin birnin Katsina. An rufe gidajen, kuma abin da aka gani a ciki ya isa a rufe su. Amma uwar da ɗanta ke sayar da tukunyarta ya sayi ƙwaya ba a buɗe mata wata ƙofa a madadin wadda aka rufe ba, kuma har yau tana nan da ɗanta.

Unguwanni ma sun nemi tasu. Ana karo-karo gida-gida a biya 'yan sintiri, a sa ƙofar ƙarfe a bakin layi, a kulle da ƙarfe sha ɗaya. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 da jami'ai kusan 1,500 an kafa ta ne musamman don ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, don haka lungun birni ya ci gaba da dogara da 'yan sanda da 'yan sintirinsa. Sintiri ya hana ɓarna mai yawa, wannan ba a musu. Haɗarin yana zuwa ne ranar da mutane suka yanke ƙauna da caji ofis, suka ce kai shi ma ɓata lokaci ne. Daga nan sai ihun "ɓarawo!" ya zama tuhuma da shaida da hukunci a cikin minti biyar, kuma ihu ba ya tantance mai laifi da mai kama da shi. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano yin Sallah, 'yan sintiri ne suka tare motarsu. Ba Bahaushen da ya ji labarin bai girgiza ba, kuma irin wannan hukunci ne wasu ke kira da a yi wa ɗan maƙwabcinsu.

Akwai kuma laifin da ke wuyan unguwa ita kanta, wanda ba a son faɗa a majalisa. Shari'a ba ta tafiya sai da shaida. Wanda aka ƙwace wa waya, in an dawo masa da ita, sau da yawa ba ya sake taka kotu. Wani tsoro ne, domin yaran sun san gidansa. Wani kuma dattawa ne suka zo har zaure: "Malam, ka yi haƙuri, ɗan Hajiya ne, duk ɗaya muke." Wani zaman kotu uku ya je aka ɗaga, ya ga kasuwarsa na mutuwa ya haƙura. Alƙali ya kira ƙara sau biyu sau uku babu mai ƙara babu shaida, dole ya kore ta. Yaro ya dawo gida, unguwa ta ce an ba da beli. Haka mai sayen wayar sata, wanda shagonsa ke kan titi kowa ya san shi, yake zaune lafiya ana gaisawa da shi a masallaci.

Tsayawa wa mutum tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin lamunin kawo mutum dalla-dalla. Mai unguwa ko uba ko maigidan sana'a ya ce wa alƙali, "Allah gafarta Malam, na tsaya masa," yana nufin ya san inda yaron ke kwana, zai kawo shi ranar da aka sa, in ya gudu kuma shi za a tambaya. Ƙarfin abin a sanayya yake, da kuma mutuncin da mutum zai rasa. Sharaɗin darakta da takardar fili ya kori waɗannan mutane daga kotu ya bar ta ga masu sayar da sa hannu. Dokar 2015 ta ce kada a tsananta sharaɗin beli fiye da kima, ta kuma fayyace cewa mace na iya tsayawa. Uwar da ke kan benci da kular abinci ta fi kowane darakta sanin ƙarfe nawa ɗanta ke shigowa gida. Masarautar Katsina na da tsari tun daga mai unguwa har zuwa hakimi, kuma alƙalin da ya nemi mai unguwar yaro ya zo ya tabbatar da mai tsayawa, ya kuma sa yaron ya riƙa bayyana gabansa duk mako, bai fita daga doka ba.

Kano ta gwada wani abu makamancin haka a 2023, lokacin da kwamishinan 'yan sanda Muhammad Usaini Gumel ya kira shugabannin daba da sunayensu su zo su ajiye makami. Ɗaruruwa suka zo. Da aka ɗauki 50 daga cikin tubabbun aka sa musu kakin 'yan sandan sa-kai sai ƙasa ta ɗauki surutu, kuma masu sukar suna da hujja, domin tuba daban, riƙe sanda a kan jama'a daban. Abin da gwajin ya nuna shi ne hukuma ta san yaran ɗaya bayan ɗaya, ta san unguwanninsu, ta san masu ɗaure musu gindi.

Wannan sanin ne ba a amfani da shi. Duk belin da aka bayar, a ofis ko a kotu, akwai takarda, akwai sunan wanda ya tsaya da hotonsa da adadin kuɗin da ya ɗaure kansa da shi. Doka ta ba kotu ikon karɓe kuɗin idan wanda aka tsaya wa ya ƙi zuwa. Majistaren da doka ta ce ya zagaya caji ofis duk wata yana da ikon ya ce a kawo masa littafin kamu da na beli, ya ɗora su gefe da gefe, ya ga wanda aka kamo da adda ranar Talata aka sake shi ranar Laraba, da sunan wanda ya sa hannu. Idan suna ɗaya ya fito sau takwas a shekara, a ƙarƙashin yara takwas daga rukuni ɗaya, majistare na da dalilin ya aika wa mai sunan sammaci ya zo kotu ya yi bayani, ko da kuwa hotonsa ne ke manne a jikin ginin Ƙofar Guga yana neman ƙuri'a.